Nazarin Lamari: Wata Huɗu na Ɗaukar Hoto da Sautin Cikin Birnin Kano a Ƙafa

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa saurayi ne ɗan shekara 27, haifaffen Kano amma a wajen badala, wanda ya shafe shekara shida yana cin abinci da ɗaukar bidiyon biki, tun daga kamu da yinin biki har zuwa walimar saukar Alƙur'ani. A ƙarshen shekarar 2022 ya ƙudiri niyyar yin wani aiki na ƙashin kansa, wanda babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda zai biya shi. Yana so ya haɗa gajeren bidiyo na minti 10 zuwa 12 a kan cikin birnin Kano, wanda za a ɗauka gaba ɗaya a ƙafa, babu mai sharhi, babu kiɗa ko waƙa a ƙarƙashinsa, sai abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji a hanya.

Zaɓin tafiya a ƙafa ba ado ba ne, domin yawancin lungunan cikin gari mota ba ta shigarsu, wasu ma ko adaidaita sahu sai dai ta sauke mutum a bakin titi. Wuraren da ya lissafa su ne waɗanda kowane baƙo ke lissafawa: Gidan Makama da Ƙofar Kudu, Babban Masallacin Juma'a, Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata wadda masu ita ke lissafa asalinta daga shekarar 1498.

Kayan aikinsa su ne kyamarar da yake zuwa biki da ita, gilashin kyamara guda biyu, batir uku, katin ajiya biyu da wayar hannunsa. Bai tanadi komai ba domin sauti, kuma dalilin haka yana cikin sana'arsa. A bidiyon biki, waƙa ake ɗorawa a kan kusan kowane hoto, inda kuma ake buƙatar muryar mai gabatarwa, daga na'urar masu kiɗa ake jawo ta da waya. Saboda haka a duk shekarun nan bai taɓa zama ya saurari abin da makirufon jikin kyamararsa ke ɗauka ba. Ya ware wa aikin Asabar huɗu, yana ganin za su ishe shi har da ragowa.

## Fita ta farko: 17 da 18 ga Disamba, 2022

Ranar Asabar 17 ga Disamba ya shiga ta Ƙofar Nassarawa da misalin ƙarfe 10 na safe, ya bi titin gidan Sarki, ya ratsa ta masallaci zuwa Kurmi, ya bi ta Jakara har gindin Dala, ya hau ya sauko, sannan ya ɓullo ta Ƙofar Wambai ya ƙare a Ƙofar Mata bayan la'asar. Wayarsa ta nuna masa ya taka kilomita 9 da 'yan kai. Kyamara na hannunsa tana ɗauka a mafi yawan hanyar. Washegari Lahadi ya koma da yamma, ya tarar samari sun ƙaurace wa lunguna sun cika gidajen kallo, domin ranar ce aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Ajantina da Faransa. A kwana biyun ya tara hoto na awa uku da minti 40.

Da ya zauna gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne, abin da ya iya warewa mai amfani bai kai minti biyu ba.

Ta fuskar hoto, kowane taku nasa ya bayyana, hoton yana tsalle sama da ƙasa yadda mai kallo ba zai jure daƙiƙa 20 ba. Ranar tsaka ta raba kowane lungu gida biyu, gefe guda baƙi ƙirin, gefe guda fari fat, kuma kyamarar da ya bari tana daidaita haske da kanta sai ta riƙa kai-komo tsakanin biyun. A saman Dala hazon hunturu ya rufe gari, ta yadda Goron Dutse da ke kusa ma sai inuwarsa ake hange. A can saman ne kuma ya canza gilashi cikin iska, ƙura ta shiga ta zauna, duk abin da ya ɗauka daga nan zuwa yamma yana ɗauke da ɗigon baƙi guda biyu a sararin sama.

Sauti ya fi hoto lalacewa. Iska tana dukan makirufo tana ba da ƙara kamar ana yaga tabarma. Inda babu iska, abin da ya fi fitowa shi ne numfashinsa, da ƙarar takalminsa, da igiyar kyamara tana goga rigarsa. Kyamarar tana ɗaga ƙarfin sauti da kanta idan wuri ya yi shiru, tana danne shi idan an yi ham, don haka kowane ham na adaidaita sahu sai ya haɗiye duk abin da ke kewaye na daƙiƙa biyu ko uku kafin sauran sauti ya dawo. Kurmi da Jakara da Ƙofar Wambai duk sun fito da murya ɗaya, wato hayaniya.

Akwai kuma matsala ta uku wadda a lokacin bai ba ta muhimmanci ba. A kusan kowane hoto, ko dai yara sun yi dafifi gaban gilashi suna cewa a ɗauke su, ko babba ya juya baya, ko mai sana'a ya ajiye aikinsa ya zuba wa kyamara ido.

## Gyara na farko: hayar kaya, ƙarshen Disamba zuwa 7 ga Janairu, 2023

Ya ɗauki lamarin a matsayin ƙarancin kayan aiki. Ya yi hayar sandar nan mai inji wadda ke riƙe kyamara ta hana ta girgiza, ya kuma ari dogon makirufo na saman kyamara tare da rigarsa ta gashi mai tare iska. Ya kashe daidaita haske da sauti na kai-da-kai, ya koma saita su da hannu. Ya fita sau uku da wannan shiri, yana bin kusan hanyar da ya bi da farko, sai dai yanzu yana farawa da ƙarfe 8.

Girgiza ta tafi, ƙarar iska ma ta ragu ƙwarai. Amma wasu abubuwa biyu suka taso. Na farko, dogon makirufo yana jin inda kyamara ta fuskanta ne, don haka duk lokacin da ya juya kyamara daga maƙeri zuwa mai tura kurar ruwa, sai ƙarar guduma ta faɗi nan take, ƙarar jarkoki ta taso, kamar ana kunna rediyo biyu ana kashewa. A cikin lungu mai faɗin taku uku kuwa, sauti yana dukan bango yana dawowa ta kowane gefe, makirufon ya riƙa ba da wata murya mai kama da ta cikin randa.

Na biyu, sandar mai inji da makirufo mai gashi sun mai da shi abin kallo. Da can mutum ne da kyamara, yanzu kuwa ana hango shi tun daga bakin lungu ana cewa ga 'yan fim nan. Yaran da ke binsa suka ninka, kuma a wurare uku aka tare shi da tambayar wanda ya aiko shi da inda zai kai hoton. Amsar da yake bayarwa, cewa aikin kansa ne, ba ta gamsar da kowa ba, domin mutane sun saba ganin an ɗauki hoton mutum yana cikin sha'aninsa, washegari a gan shi a TikTok ana yi masa dariya.

## Gyara na biyu: ɗauka a ɓoye, 14 ga Janairu

Ganin haka sai ya juya ɗaya gefen. Ya bar kyamara a gida, ya sa wayarsa a aljihun gaban riga, idonta yana leƙowa, ya shiga wata unguwa da ke tsakanin Kurmi da Dala bayan sallar azahar. Ya yi kusan minti 50 yana yawo kafin wani matashi da ke zaune a kan dakali ya lura da yadda yake dafe aljihu yana juya ƙirjinsa wajen ƙofofin gidaje. Cikin ɗan lokaci mutane suka taru. Lokaci ne da ake fama da ƙwacen waya a Kano, ana kuma shirin zaɓe, kowa yana ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, don haka zargin da aka yi masa ya tashi daga leƙen matan aure har zuwa leƙen asiri.

Wani dattijo ne ya raba, ya ce a kai shi wurin mai unguwa. A zauren mai unguwa aka buɗe wayar aka kalli abin da ya ɗauka a gaban mutane. Ba a ga wani abin ashsha ba, amma an ga mata biyu a bakin ƙofa ba su san ana ɗaukarsu ba, an kuma ji hirar wasu mutane a kan bashi. Aka umarce shi ya goge komai, ya goge.

Kafin a sallame shi mai unguwa ya tambaye shi ainihin abin da yake nema. Ya ce, “Ranka ya daɗe, so nake wanda bai taɓa shigowa cikin gari ba ya ji yadda yake, tun daga asuba har dare.” Mai unguwa ya ce masa, “To ai ka ga, yaro, kai ma ba ka ji ba tukuna, wucewa kawai kake yi. Ka dawo ran Litinin ba tare da komai a hannunka ba.”

## Mako biyu babu kyamara: 16 zuwa 29 ga Janairu

Ranar Litinin mai unguwa ya haɗa shi da wani matashi ɗan unguwar, mai koyon dukanci, wanda kowa ya san mahaifinsa. Aka yi sharaɗi uku: ba zai fuskanci ƙofar gida da kyamara ba, ba zai ɗauki kowa ba sai an gaya masa, kuma kafin ya saki aikin zai kawo a kalla a ƙofar gidan mai unguwa. Aka kuma daidaita a kan ɗan abin da zai riƙa ba abokin rakiyarsa a kowace fita. Mai unguwa ya aika wa takwarorinsa biyu na maƙwabtan unguwanni da bayanin abin da ake ciki. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma abin da ya biyo baya bai ƙaryata su ba.

A nan ne aka rage hanya. Maimakon kilomita 9, sai suka tsai da layi ɗaya daga marinar Ƙofar Mata zuwa Kurmi, daga nan zuwa Jakara, wanda duka bai wuce kilomita biyu da rabi ba. Suka bi wannan layi sau tara a cikin mako biyu, a lokuta daban-daban, babu kyamara, babu na'ura, sai ƙaramin littafi da biro. A kowane wuri abokin rakiya yana gabatar da shi, a gaisa, a zauna, wani lokaci a sha shayi.

Littafin nan shi ne ya zama ginshiƙin aikin. A ciki ya riƙa rubuta abin da ake ji a kowane wuri da lokacin da ake jin sa. Ya gano cewa tsakanin sallar asuba da fitowar rana, wadda a Janairu takan kai wajen bakwai saura, unguwa tana da sautuka masu tsabta da ake iya rarrabewa ɗaya bayan ɗaya: karatun almajirai a makarantar allo, tsintsiya a ƙofar gida, jarkokin 'yan ga-ruwa suna karo da juna a cikin kura, mai shayi yana kaɗa ƙwai. Daga ƙarfe 8 adaidaita sahu ke cika titi. Wajen ƙarfe 9 injinan markaɗe da janareta ke tashi idan babu wuta, daga nan kuma har yamma akwai wani gurnani a ƙarƙashin komai wanda kunne ya saba da shi har ba ya jin sa, amma na'ura ba ta yafe shi. Ya lura da cewa mai yankan farce yana sanar da zuwansa da ƙarar almakashi, mai gyaran takalmi da dukan akwatinsa, kuma kowannensu yana da lokacin da yake ratsa lungun. Ya kuma gano cewa a cikin Kurmi kowane layi da muryarsa, layin dukawa daban, na 'yan koli daban, na masu sayar da kayan doki daban, abin da bai ji ba sam a ranar da ya ratsa kasuwar cikin minti 25.

## Raba ranar sauti da ranar hoto: 30 ga Janairu zuwa 18 ga Fabrairu

Shawarar da ta fi kowace sauya aikin ita ce ya daina ɗaukar hoto da sauti a lokaci guda. Ya mayar da sandar mai inji, ya yi amfani da kuɗin hayarta ya karɓi ƙaramar na'urar naɗar sauti mai makirufo biyu a kai, da rigar gashi, da abin sauraro mai rufe kunne duka.

A ranakun sauti yakan fita da na'urar kaɗai. Ƙa'idar da ya bi ita ce ya tsaya cak, ya faɗi sunan wurin da lokaci a farkon kowane naɗi, sannan ya yi shiru na aƙalla minti uku ba tare da motsa ƙafa ba. Yana saita ƙarfin sauti da hannu yadda mafi ƙarar abin da ke wurin ba zai wuce desibel 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da ƙololuwar abin da na'urar ke iya ɗauka ba, don a bar wa ham ɗin da zai zo ba zato wurin shiga. Maganin gurnanin janareta kuwa bai same shi a cikin wata na'ura ba, a kusanci ya same shi. Duk lokacin da aka rage tazarar makirufo da abin da ake naɗa zuwa rabi, ƙarfin sautin abin yana ƙaruwa da kimanin desibel 6, alhali gurnanin da ke nesa yana nan yadda yake. Saboda haka ya riƙa kai na'urar har kamu ɗaya daga hannun mai aiki, abin da ba zai yiwu ba sai ga wanda aka sani aka kuma yarda da shi.

Marina ce ta fi ba shi wahala, ita ce kuma ta fi ba shi riba. Rini aiki ne mai shiru: a tsoma zane a ruwan baba, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, kuma titi yana kusa. Sau biyu yana naɗa yana zubarwa, sai a karo na uku, da ya zo kafin ƙarfe 7 ya tsuguna a bakin rami ya sauke na'urar kusa da ruwa, ya samu ɗigar ruwan baba daga zane da numfashin dattijon da ke aikin. A ɗakin bugu kuwa matsalar akasin haka ce. Masu bugu suna zaune gaban gungumen itace suna dukan zane da manyan guduma na itace, ƙarar tana cika ɗaki har ta fasa naɗin farko. Ya rage ƙarfi sosai, ya koma bakin ƙofa, ya naɗi minti bakwai a jere. Sai da ya saurara a gida ya ji cewa bugun ba a hargitse yake ba, masu yin sa suna karɓa wa juna ne kamar masu lugude, kuma idan ɗaya ya tsaya juya zane, ɗayan yana cike gurbinsa. Wannan naɗi ne daga baya ya zama ma'aunin da aka yanka hotunan tsakiyar bidiyon a kansa.

Akwai sautin da shi ba zai iya kaiwa gare shi ba ko da izinin wa, wato na cikin gida. A Jakara mata ne ke yin gurasa a cikin gidaje, kuma abin da namiji baƙo ke gani shi ne fitowarta a faranti. Da amincewar masu wani gida, ƙanwarsa ta shiga da na'urar da asuba biyu, bayan ya nuna mata inda za ta danna da yadda za ta riƙe. Ta fito da ƙarar itace a tanderu, da tafin ƙullu ana manna shi, da muryoyin yara masu jiran ɗauka.

A ranakun hoto yakan fita da kyamara da gilashi ɗaya tak, wanda ba ya cirewa sai a gida, da sanda mai ƙafa uku. Yana aiki daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, sai kuma bayan la'asar, lokacin da rana ke shigowa lungu a karkace tana fito da zanen makuba a bango. Ba ya tafiya da kyamara tana ɗauka. Yakan kafa ta, ya bar yara su leƙa su gaji, ya zauna yana hira, sai bayan minti 10 ko 15, idan kowa ya koma kan aikinsa, ya danna ya ɗauki daƙiƙa 30. Inda ake buƙatar hoto da sauti su dace daidai, kamar saukar guduma, sai abokin rakiya ya riƙe na'urar sauti, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don a samu inda za a haɗa su.

A wannan tsakani ne ƙarancin takardun kuɗi ya tsananta, bayan sauya fasalin naira da wa'adin da aka ɗaga daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. Biyan abokin rakiya ya koma ta waya, kasuwa kuma ta canza murya, ciniki ya ragu, gardama a kan ko kuɗi sun shiga ko ba su shiga ba ta yawaita. Ya naɗi wani abu daga ciki, amma yawancinsa hira ce ta mutane a kan aljihunsu, don haka bai yi amfani da shi ba.

## Dakatawa: 19 ga Fabrairu zuwa 24 ga Maris

Mako guda kafin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, mai unguwa ya aiko masa cewa ya dakata, domin a irin wannan lokaci duk mai kyamara ana lissafa shi da wata jam'iyya. Zaɓen gwamna da aka ɗaga zuwa 18 ga Maris ya tsawaita hutun zuwa mako biyar. A lokacin yana da kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake buƙata, saura yamma da dare.

## Azumi: 25 ga Maris zuwa 15 ga Afrilu

Da ya dawo, garin da ya bari ba shi ya tarar ba. An fara azumi ranar 23 ga Maris, hazo ya tafi, zafi ya shigo har yana kai maki 40 da rana. Kyamara ta fara nuna alamar zafi bayan minti 20 a rana, shi ma yana azumi, don haka aka taƙaita fita zuwa awa ɗaya da rabi bayan asuba da awa ɗaya kafin magariba, sai wasu darare bayan tarawihi.

Littafinsa na Janairu bai yi aiki a nan ba sai da aka sake shi. Mai shayi ba ya nan da safe, lunguna shiru har hantsi. Bayan la'asar lasifikokin tafsiri daga masallatai daban-daban suna haɗuwa a sama, ana jin mai jan baƙi daga gabas, mai fassara daga yamma. Daga ƙarfe biyar da rabi titi yana cika da gaggawa, ƙosai yana soyuwa, masu ƙanƙara suna kira, sannan da an kira magariba komai ya ɗauke. A ranar 1 ga Afrilu ya kafa na'ura a bakin titi kusa da Kurmi minti 10 kafin kiran salla, ya bar ta tana naɗa har minti 10 bayansa, ya samu yadda hayaniya ke hawa har ƙololuwa sannan ta faɗi, har ana jin ƙarar cokali a kofi daga wata rumfa da ke tsallaken titi. Hawan Salla kuwa tun farko ya cire shi daga lissafi, saboda ba a rasa masu ɗaukarsa ba.

## Haɗawa da nunawa: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu

Tsarinsa na farko shi ne bidiyon ya bi yini guda daga asuba zuwa dare. Wannan bai yiwu ba, domin safiyar da ya ɗauka ta hunturu ce, mutane cikin rigunan sanyi, haske fari-fari, yammar kuma ta bazara ce, sama tas, ana gumi. Ya gwada daidaita launi a kwamfuta na kwana uku, abin ya ƙi. A ƙarshe ya raba bidiyon kashi biyu, safiyar hunturu da yammacin azumi, ya rubuta watan kowanne a farkonsa.

Daga fita 31 ya tara hoto na kimanin awa 9 da sauti na awa 14, aka fitar da minti 11 da daƙiƙa 50. Daga cikin duk abin da ya ɗauka kafin 14 ga Janairu, hoto biyu ne kawai suka shiga.

Bayan Salla da mako biyu aka nuna shi a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i, a kan farin zane da aka rataya a bango. Mutum biyu suka nemi a cire wani abu. Ɗaya ya hango matarsa daga nesa tana wucewa a ƙarshen lungu, ɗayan kuma ya gane muryarsa a ƙarƙashin hayaniyar kasuwa yana ambaton sunan wanda yake bi bashi, kalmomin da mai aikin ya saurara sau da yawa bai lura da su ba. Aka cire daƙiƙa 40, bidiyon ya tsaya a minti 11 da daƙiƙa 10, aka ba masu rini da masu bugu da gidan gurasa kwafinsu a waya kafin a sa shi a intanet.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Idan aka jera matakan, za a ga cewa kayan haya sun warware matsala biyu kawai, girgiza da iska, kuma dukansu an warware su daga baya ta hanya mafi arha, wato sanda mai ƙafa uku da rigar gashi. Ɗauka a ɓoye ba ta warware komai ba, ko da ba a kama shi ba, domin wayar da ke cikin aljihu ba za ta taɓa kaiwa kamu ɗaya daga bakin ramin rini ba. A ganina kuskuren farko yana cikin yadda ya fahimci kalmar tafiya. Ya ɗauka cewa bidiyon da aka yi a ƙafa dole ne a ɗauke shi ana takawa, alhali amfanin ƙafa shi ne ta kai mutum inda zai tsaya. Kowane gyara na fasaha da ya yi nasara, kusantar da makirufo, naɗin minti uku, jiran mutane su manta da kyamara, yana buƙatar mutum ya daɗe a wuri ɗaya, kuma a cikin gari ba a daɗewa a ƙofar gidan mutane sai da izini. Don haka zaman zauren mai unguwa da mako biyun da aka yi babu kyamara su ne suka buɗe hanyar samun sauti mai kyau, ba na'urar da aka karɓa bayansu ba.

Akwai abubuwan da ban ga an warware su ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na sautin bidiyon ba a ranar da aka ɗauki hotonsa aka naɗe shi ba. Wannan al'ada ce sananniya a aikin fim, kuma ya kiyaye cewa kowane sauti daga wurin da ake gani ya fito, amma mai kallo ba a gaya masa ba, kuma a aikin da ke da'awar nuna gari yadda yake, layi ɗaya na bayani a ƙarshe da ya dace. Haka nan, in ban da muryoyin gidan gurasa da aka ɗora a kan hoton zaure, birnin da ke cikin bidiyon na maza ne da yara, sharaɗin da ya ba shi damar shiga shi ne kuma ya iyakance abin da zai nuna. Izinin da aka nema ma na fuska ne, ba a yi tunanin na murya ba sai da mai bin bashi ya ɗaga hannu a daren nunawa.

Dutsen Dala, wanda da shi ya so buɗe bidiyon, bai shiga ba ko na daƙiƙa ɗaya. A hunturu hazo ya hana, a azumi kuma bai iya hawa da kaya a cikin zafin nan ba. Abokin rakiyarsa ya ba shi shawarar ya jira damina, ya hau da sassafe washegarin ruwan dare, lokacin da ƙura ta kwanta ake hango gari har bayan badala, ya kuma fara zuwa ya gaida mai unguwar gindin dutsen, wanda ba ya cikin ukun da suka san da aikin.